Lasifikar tsohuwar kwamfutata ta yi shiru: in koma Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10. Kwanan nan lasifikarta ta daina fitar da sauti, amma idan na jona iyafis ina jin komai tsaf. Wani abokina ya ce in goge Windows in ɗora Linux, wai matsalar za ta wuce. Shin in bi shawararsa?

Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar abokinka tana da amfani, amma kada ka goge komai tukuna, domin sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows da Linux, ba ya gyara abin da ya lalace a jikin na'ura, kuma har yanzu ba mu san inda cutar take ba.

Abin da ka faɗa game da iyafis ya rage mana aiki sosai. Tunda sauti yana fita ta can, to, ƙwayar da ke sarrafa sauti, wadda a yawancin irin waɗannan kwamfutoci ta kamfanin Realtek ce ko Conexant, tana nan lafiya. Saura abu uku: saiti, kafar iyafis, ko lasifikar kanta.

Fara da saiti. Danna alamar lasifika da ke ƙasan allo ta hannun dama, ka duba wace na'ura aka zaɓa, domin wani lokaci idan an taɓa jona kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI, sai Windows ta ci gaba da tura sauti can ko bayan an cire wayar. Idan wannan daidai yake, buɗe Device Manager, wato sashen Windows da ke jera kayan aikin kwamfuta, ka cire direban sautin, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da ƙwayar sautin, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ita da kanta za ta ɗora wani.

Inda na fi zargi shi ne kafar iyafis. A cikin wannan ɗan rami akwai siririn ƙarfe da ke motsawa duk lokacin da aka tura filogi, shi ne ke sanar da kwamfuta cewa ta kashe lasifika. Idan ƙura ta taru ko ƙarfen ya gaji da shekaru, sai ya maƙale, kwamfuta kuma ta ɗauka har yanzu iyafis na ciki. Ka duba allo bayan ka zare filogin: idan har yanzu sunan iyafis ne a rubuce, ka kama ɓarawon. Kashe kwamfutar, ka tura filogin ka zare a hankali 'yan lokuta, sannan ka hura ramin. Kada ka zura allura ko wani ƙarfe a ciki.

A nan ne Linux za ta yi maka rana tun ba ka ɗora ta ba. Sauke Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ka sa ta a filashi da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filashin. Za ta yi aiki ba tare da ta taɓa fayilolinka ba. Kunna wani sauti. Idan lasifika ta yi magana, laifin na Windows ne. Idan ta yi shiru, buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta alsamixer don buɗe saitin sauti, ka duba ko akwai layin da ke ɗauke da MM a ƙasansa, ma'ana an toshe shi, sai ka danna harafin M. Ka kuma kashe Auto-Mute Mode, saitin da ke toshe lasifika idan an jona iyafis; kashe shi yana kewaye matsalar ƙarfen da ya maƙale a wasu kwamfutocin. Idan duk da haka babu motsi, to, lasifikar ce ko wayarta ta tsinke, sai mai gyara, ko ka sayi ƙaramar lasifika mai jonawa ta USB.

Dangane da sauyin kuwa, ina goyon bayansa, amma saboda wani dalili na daban. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, ita kuma Windows 11 tana buƙatar ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Linux Mint mai fuskar Xfce ba ta da nauyi, tana tashi da RAM gigabayit 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki. Sai dai ka sani cewa Microsoft Office da Photoshop ba sa hawa kanta kai tsaye. LibreOffice ce ke zuwa a madadin, kuma wani lokaci tana ɗan sauya tsarin takardun Word. Tun kana kan filashin, gwada Wi-Fi da kamara da firinta, sannan ka kwafe dukan fayilolinka zuwa wata ma'ajiya kafin ka danna maɓallin ɗorawa, domin zaɓin goge faifai ba ya barin komai.