Me ke tura kibiya bayan ta bar baka?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda masana suka fahimci abin da ke sa kibiya ta ci gaba da tafiya alhali hannu ya riga ya sake ta. Wannan tambaya ta wahalar da mutane kusan shekara 2000.

A wurin Aristotul, masanin Girka na dā, komai na duniya daga abu huɗu yake: ƙasa, ruwa, iska da wuta. Dutse yana faɗuwa ne don yana neman mazauninsa na asali, hayaƙi kuwa sama yake nufa. Duk wani motsi na dole, in ji shi, sai da mai turawa. To, kibiya fa? Sai ya ce iska ce ke ci gaba da tura ta. Gaskiya a nan ya yi rauni, domin duk wanda ya taɓa gudu cikin iskar hunturu ya san tare mutum take yi.

Yahaya Filoponas na Iskandariya, a ƙarni na 6, ya ce a'a, mai harbi ne ke zuba wa kibiyar wani ƙarfi da ke ƙarewa a hankali. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kira shi "mail", ya kuma ce ba ya ƙarewa da kansa, sai iska ko wani abu ya cinye shi. Wani masani mai suna Buridan ya ɗora a kai a Faris a ƙarni na 14.

A ƙarni na 17 aka juya tambayar gaba ɗaya, masanin Ingila Niyuton kuma ya kafa dokar a 1687: abin da ke tafiya ba ya bukatar mai tura shi, tsayawarsa ko karkatarsa ce ke bukatar dalili. Kibiyarka tana faɗuwa ne saboda iska na rage mata gudu, ƙasa kuma na janyo ta.