Ana cikin saka wa mota manhaja ta mutu: kwamfutar ta ƙone ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai motata garaji a nan Tahoua a sabunta manhajar kwamfutar inji, aikin ya yanke a tsakiya. Yanzu inji yana juyawa amma ba ya kamawa, fanka kuma sai gudu take. Mai gyaran ya ce kwamfutar ta ƙone, in nemo wata. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Galibi ba ƙonewa ba ce. Kafin a rubuta sabuwar manhaja sai an goge tsohuwar, in aikin ya yanke tsakani kwamfutar ta zama fanko.

Kuma mafi yawan lokaci batir ne ke yanke aikin. Kullum sai ka ji an ce, "ai batirin yana tada mota, lafiyarsa lau." Wannan magana ta kashe kwamfutoci da yawa. Tada mota aikin daƙiƙa biyu ne, rubuta manhaja kuwa yana cin mintoci, makulli a buɗe, inji a kashe, babu mai mayar wa batir abin da ya fita. A wasu motocin fanka ma tana tashi lokacin. Ga zafin ƙasar nan da ke cinye batir tun kwanansa bai kai ba. Ana so wuta ta tsaya cak wajen bolt 13 zuwa 14, da na'urar da aka ƙera don riƙe wuta. Cajar batir ta bakin hanya ba ta yi, wutarta hawa take tana sauka. Jona waya da wata mota mai aiki kuwa ganganci ne. Mutum ya sayi kebul ɗin jabu, ya kalli bidiyo biyu, shi ke nan ya zama injiniya!

Sauran dalilan: laftof ya yi barci ko cajinsa ya ƙare, filogin OBD mai ƙafa 16, wanda ke jona laftof da mota, ya motsa, ko an ɗauko fayil a WhatsApp don kawai sunan motar ɗaya, ba a gwada lambar da ke jikin kwamfutar ba.

A riƙe wuta, a sake gwada rubutawa da fayil ɗin da ya dace. In kwamfutar ba ta amsa ba, a ciro ta a rubuta mata a kan tebur. Ka tambayi mai gyaran ko ya kwafi manhajar asali kafin ya taɓa. In ma ta kai ga sayen ta hannu, a motoci da yawa sai an haɗa ta da makullinka, in ba haka ba motar ba za ta tashi ba.