Lauyanmu ne ya kawo mai sayen gidan gadonmu

Tambaya: Barista, barka da aiki. Mu bakwai mahaifinmu ya bari da gida a Ƙofar Ƙaura. Wani ya fito yana da'awar rabin gidan, muka ɗauki lauya. Shari'a ta ja, sai lauyan ya ce gara mu sayar mu huta, har ya kawo kamfanin da zai saya, shi ya rubuta takardar ciniki. Yanzu muka ji ƙanin matarsa ne mai kamfanin. Yayanmu ya ce tunda mun sa hannu magana ta mutu. Barci ya ƙaurace mini, don akwai marayun ƙanena a cikin magadan. Daga wata baiwar Allah, Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya raya marayun nan. Ki kwantar da hankalinki, magana ba ta mutu ba.

Doka ta 17 cikin ƙa'idojin aikin lauya, waɗanda aka sabunta a 2023, ta wajabta wa lauya ya bayyana wa wanda ya ɗauke shi duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da ɗaya ɓangaren, da duk wata maslaha da yake da ita a cikin lamarin. Ta kuma hana shi mallakar wani rabo a cikin abin da ake shari'a a kansa, in ban da haƙƙin aikinsa ta hanyar da doka ta yarda. In abin da kuka ji gaskiya ne, sa hannunku bai wanke shi ba, don kun sa ne a kan abin da aka ɓoye muku.

Amma bari in tsaya kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai ya shigo ofishina. Mutanenmu sun ɗauka lauya wani mai shaida ne na tsakiya, kamar mai unguwa ko liman a wurin ɗaurin aure. Sai ka ji dillali na cewa, "Me za a yi da lauya biyu? Barista ɗaya ya rubuta wa kowa, a rage kuɗi." Wannan magana ta cinye gidaje da gonaki da yawa. Lauya wakili ne, kuma wakili yana da ɓangare. Mai sayarwa na son kuɗi su yi sama, a biya shi nan take. Mai saye na son su yi ƙasa, a ba shi lokaci. To mutum ɗaya, wa zai ja wa? In ya gano matsala a takardar mallaka, ya faɗa ya cuci wannan, ya yi shiru ya cuci wancan. Kuma ke, duk sirrinku yana hannunsa: ya san kun gaji, ya san wane ne cikinku bashi ya kama, ya san mafi ƙarancin kuɗin da za ku karɓa. Wannan ne ake zargin ya kai gidan surukansa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in na tambayi mutum me ya hana shi neman wani lauya ya duba, sai ya ce, "Ai kunya, mutumin gidanmu ne, sahu ɗaya muke salla." A gidan miliyoyi, da haƙƙin marayu a ciki! Lauyan kirki da kansa zai ce ku je wani ya duba, ya kuma sa ku rubuta cewa ya gaya muku alaƙarsa da mai saye.

Yanzu ki bar jita-jita ki nemi hujja. Ku ɗauki sabon lauya ya binciki kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sunayen daraktoci da masu hannun jari suna nan. Ku karɓi fayil ɗinku, ku sa ƙwararren mai kimanta gidaje ya faɗi darajar gidan a lokacin ciniki.

Ƙorafi kuwa yana zuwa ga Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, da ke Abuja, a rubuce tare da rantsuwa. Yana da ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko ya sa a soke sunan mutum daga rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, na Katsina zai nuna muku hanya. Ba zan ɓoye miki ba, abin na da jan ƙafa. Kuma kada 'yan kamashon bakin kotu su ruɗe ku cewa za su "gyara" a sati guda.

Kwamitin nan ba shi ne zai warware cinikin ba. Wannan sai Babbar Kotu, kuma da gaggawa, tare da neman umarnin hana kamfanin sayar wa wani. In gidan ya faɗa hannun wanda ya saya da kuɗinsa bai san komai ba, dawo da shi zai yi wuya ƙwarai. Ki kuma gaya wa sabon lauyan wanda ya sa hannu a madadin marayun, da ko kotu ta ba shi izini.