Tambaya da Amsa: Wace irin fitila ta dace da titunan garinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar cigaban garinmu, wani ƙaramin gari a bakin fadama tsakanin Haɗejiya da Nguru. Mun yi karo-karo za mu maye gurbin fitilun titinmu da suka mutu da na sola. Ɗan kwangila ya kawo samfur mai haske fari fat, ya ce babu kamarsa. Sai wani malamin makaranta a cikinmu ya ce irin wannan haske yana cutar da tsuntsaye da jemagu, har wasu suka yi masa dariya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya sa albarka a wannan aikin gayya. Malaminku yana da gaskiya, kuma idan kun bi shawararsa kuɗinku ma sai sun fi auki.

Batun komawa fitilar LED, wato irin wadda ke cikin fitilun sola, babu gardama a ciki, don tana cin kusan rabin wutar da tsohuwar fitilar sodiyom ke ci. Inda gizo ke saƙar shi ne launi. Ku juya kwalin samfurin, za ku ga lamba da harafin K a ƙarshenta, ita ce ke nuna launin hasken. Yawancin na kasuwanninmu 6000K ko 6500K ne, wato farin haske mai sirkin shuɗi. Shi ne ya fi jawo ƙwari, ya fi watsuwa a sararin sama, ya kuma fi kashe ido. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada fitilar titi ta wuce 3000K, mai ɗan ruwan ɗorawa. Garin Davis da ke Kalifoniya ya sa farare a 2014, mazauna suka yi ta ƙorafi har sai da hukuma ta sake kashe kuɗi ta sauya su da masu 2700K. Ƙungiyar da ta tara kuɗinta da ƙyar ba za ta iya sayen fitila sau biyu ba.

Ga abin da ya sa lamarin ya fi shafar ku. Fadamarku masauki ce ta tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk shekara, waɗanda ake zuwa kallo a gandun tsuntsaye na Dagona da ke jihar Yobe. Da yawansu da dare suke tafiya, taurari na cikin abin da ke nuna musu hanya, kuma hasken da ke harba sama yana rikita su. Jemage kuwa, da muke kora da jifa, shi ke yi wa kuka da ɗorawa barbara, don furanninsu na dare ne. Mai son miyar kuka da daddawa yana da ruwa da tsaki a zaman lafiyar jemage. A Suwizalan, wani bincike na 2017 ya gano cewa ziyarar da ƙwarin dare ke kai wa furanni ta ragu da kashi 62 cikin ɗari a filayen da aka haska. Ko ba bincike, ka tsaya gindin farar fitila ranar da shinge ya fito da farkon damina: ƙwari tuli a ƙasa, kwaɗi sun kewaye su, kuma inda kwaɗi suka taru maciji ba ya nisa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kafa fitilar nan mai haɗe da faifan sola a bayanta. Mai kafawa yakan ɗaga kanta sama don faifan ya sha rana, sai hasken ya bar titi ya shiga tsakar gidan mutane da idon ɗan acaɓa. Ku nemi wadda faifanta daban yake, a karkata shi yadda ake so, ita kuwa fitilar ta kalli ƙasa sak, da rumfar da ke tare hasken daga sama da gefe.

Za a ce muku tsaro na buƙatar haske mai ƙarfi. Ku tambayi 'yan sintirinku: wanda fitila ta kashe wa ido ba ya ganin mai laɓewa a inuwar bayanta. Matsakaicin haske da ya shimfiɗu daidai a kan titi ya fi amfani.

Ku sa a saita fitilar ta rage ƙarfi bayan tsakar dare, ko a ɗauki mai na'urar jin motsi da ke ƙara haske idan mutum ya matso. Da hunturu, ƙura kan rufe faifan, batir ba ya cika, shi ya sa ake ganin fitilu sun mutu kafin asuba, daidai lokacin da masu zuwa masallaci ke buƙatarsu. Rage hasken yana kai cajin har safiya, amma sai an ware mai goge faifan a kai a kai. Bakin ruwa da kurmin kuka kuwa a bar su da duhunsu. Kasuwa, tasha, asibiti da ƙofar masallaci su ne gaba wajen samun haske.

Ku rubuta "3000K ko ƙasa da haka" ƙarara a takardar kwangila, kuma kada ku biya cikon kuɗi sai an kafa guda biyu kun je da dare kun gani da idonku. Ku tafi da malamin nan cikin kwamitin dubawar.