Katantanwa mai dafi a bakin Bahar Maliya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ran Juma'a mun je bakin ruwa a Abhur kusa da Jidda, yarona ya tsinto wata katantanwa mai kyau, doguwa mai tsini da zane ruwan ƙasa da fari, wani masunci ya daka mai tsawa wai ya yar da ita tana kisa. Dan Allah da gaske ne? Wata uwa, Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, wallahi masuncin nan ya kyauta muku. Konus ake ce mata, akwai ta a Bahar Maliya, tana ɓuya cikin yashi da murjani sai dare ta fito farautar tsutsa da ƙananan kifi. Haƙori gare ta kamar ƙaramin mashi, ta bakin tsinin take harba shi, dafin yana sandar da jiki har numfashi ya tsaya, kuma har yau babu allurar karya dafinta, a asibiti injin numfashi ake sa mutum sai dafin ya sake shi. Wani lokacin harbin ma ba ya zafi sosai, abin da yake ɗaga min hankali kenan da yara. In ta harbi mutum a ɗaure wurin da bandeji, kar ya motsa, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take. Dan Allah ko a aljihu kar yaro ya sa ta.