Ɗalibin da ya yi shiru a aji

Malama, kin ce wani ɗalibinki a unguwar Nima da ke birnin Accra ya daina magana, kullum kansa bisa tebur, kina tambaya ko taurin kai ne. Ni dai ban zata ba. Ki fara tambayarsa ko ya karya kumallo. Yaron da ya kwana ɗaki guda da mutum bakwai, ya fita ɗiban ruwa tun asuba, ai dole ya yi laushi. Ki ja shi gefe bayan an tashi, kuma don Allah a ajiye bulala. Ki leƙa gidansu ki gaida mahaifiyarsa. In shirun ya ɗauki makonni, ku kai shi asibitin Mamobi, rubutun sha kaɗai bai isa ba. In kuwa ya ce gara ya mutu, a ranar za ku tafi.