Tambaya da Amsa: Motata na harbi tun da na mayar da ita gas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser ƙirar 80 mai injin fetur. Bayan cire tallafin mai a 2023 na kai aka sa mata tukunyar gas ta CNG. Da farko lafiya lau, amma yanzu da safe tana rawa a silo, idan na taka totur kuma sai ta yi ƙara kamar bindiga ta wajen eya kilina, wato gidan matatar iska, har murfinsa ya tsage. Bakanike ya ce bawul ne suka ƙone, sai an sauke kan injin. Gas ne ya ƙona su?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a sauke kan injin tukuna, sai an yi awo biyu.

Fetur a jiƙe yake shiga inji. Yana sanyaya bawul, yana kuma barin ɗan baƙin toka a mazauninsa, wanda ke rage gugar ƙarfe da ƙarfe. Gas kuwa busasshe ne. Bawul ɗin fitar da hayaƙi shi ya fi shan wuta, kuma ta mazaunin nan yake sauke yawancin zafinsa duk sanda ya rufe. A kan gas mazaunin yakan cinye a hankali, bawul ya riƙa nutsewa cikin kan injin, ratar da ke tsakaninsa da kam, wato ƙarfen da ke danna shi ya buɗe, ta yi ta raguwa. Ranar da ta ƙare, bawul ba zai rufe gam ba, wuta ta samu kafa ta ci gefensa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne injin yakan yi shiru a wannan lokaci, ƙas-ƙas ɗin bawul ya ɓace, mai mota ya ɗauka lafiya ce ta ƙaru.

Awon farko na ratar ne, da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, injin na sanyi. Idan injin motarka 1FZ-FE ne mai lita 4.5, ratar bawul ɗin shiga milimita 0.15 zuwa 0.25 ce, ta na hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. Wannan injin ba shi da notin gyara, ƙananan faifan ƙarfe da ake kira shim ake sauyawa, don haka nemi bakaniken da ya san aikin. Awo na biyu, a auna matsin kowane silinda daga shidan. Wanda ya gaza sauran da fiye da bar 1 a ma'aunin matsi, a zuba masa cokalin baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. Idan matsin ya tashi, zobban fistin ne. Idan bai motsa ba bayan an gyara rata, to bakanikenka ya yi gaskiya.

Shi kuwa harbin, galibi daga wutar fulogi yake. Idan na'urarka mai mikisa ce, wato wadda ke zuba gas a bakin totur, duk bututun shigar iska cike yake da gas a cakuɗe da iska, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, fulogin da ke aiki lafiya a kan fetur yakan gaza a kansa. A sa sababbi, a rage bakinsu zuwa milimita 0.7 ko 0.8. A duba wayoyin fulogi da murfin distiributa, kuma kada a ɗaure wayoyin wuri guda, wuta kan tsallaka daga wannan zuwa waccan. Bayan nan a nemi inda iska ke sata ta tiyo, a sauya matatar gas. Ƙarancin gas a cakuɗin yana jawo harbi, yana kuma ƙara wa bawul zafi, shi ya sa ba ma son a matse gas da sunan tattali. Gas ya fi fetur jinkirin ci, saboda haka tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, na bukatar a gabatar da shi kaɗan. Ka riƙa tayar da ita a kan fetur, ba tare da taka totur ba, ta koma gas in ruwan injin ya kai digiri 30 zuwa 40.

Tambaya: Man da ake ɗiga wa bawul a motocin gas yana da amfani?
Mai karatu daga Abuja

Amsa: Yana rage cin mazauni, wajen mililita 1 ake ɗigawa ga kowace litar makamashi, amma ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi. A ci gaba da auna rata duk kilomita 20,000. In an ɗauko kaya mai nauyi za a hau tudu ko a keta rairayi, a koma fetur har a wuce. Idan kuwa an riga an sauke kan injin, a sa mazaunai masu tauri da aka yi domin gas kafin a mayar da shi.